Daura ta sa na rabu da fankar fambel

Daga Kano zuwa Kazaure babu abin faɗa. A shingayen da ke gab da Daura abin ya fara, ana tafiya ana tsayawa cikin ranar Afrilu. Muddin ana gudu allurar zafin injin motata tana tsakiya, da an tsaya sai ta haura. Wani mai kaki har da daka mini tsawa don na buɗe bonet kusa da shi, sai ka ce a tsakar gidansa na tsaya.

Irin wannan zafin na fanka ne. A gudu iskar hanya ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa aikin fanka ne. Ta tsohuwar akori-kurata a jikin famfon ruwa take, fambel ke juya ta ta wani kuloci mai mai a ciki. Bakaniken da aka nuna mini ya kashe injin da zafinsa, ya tura fankar da yatsa, ta yi ta juyi babu turjiya.

"Alhaji, man kulocin ya tsiyaye. Ko sabo, ko mu sa ta lantarki."

Sabo bai samu ba, muka tsaya kan ta lantarki, ta Belgium, inci 16. Farashin farko ya kusa ninka na kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai dai a nan albarka ake ce maka cikin fara'a, ga tabarma da ruwan sanyi, ba kamar gida da mai shago ke amsa maka yana kallon waya ba. Aka sallama.

Bakaniken ya kwance noti huɗu ya cire tsohuwar, ya mayar da su da washa, domin su ne ke riƙe da fulin famfon ruwa, wato faifan da fambel ke juyawa. Wanda ya manta wannan, fambel zai tashi a hanya. Sabuwar ta zauna a bayan lagireto, kan ƙarafa biyu da aka lanƙwasa, da tazarar yatsa biyu daga fuli. Ya ƙi ɗaure ta da robobin da ake cusawa ta cikin zumar lagireto, don girgiza na sa su huda ta.

Mai wayarin ne ya fi burge ni. A wurinmu da yawa dairek suke haɗawa da makulli, su cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, su jefar, injin ya yi ta aiki a sanyaye yana shan mai. Shi kuwa ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis na amp 30 kusa da kan batir, sannan rile, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar fanka, sannan suwic na zafi a tiyon ruwa, mai kamawa wajen digiri 90. In babu rile, wutar da fanka ke ja tana ƙone suwic ɗin. Da ya gama ya ɗora takarda a gaban lagireto, sai ta faɗi: wayoyi sun juya, fankar tana tura iska waje. Ya musanya su, takarda ta manne. Ya kuma auna caji da fitilu a kunne, ya wuce volt 13.

Tuwo ma a gidansa na ci, ya ƙi jin maganar masauki.

Da safe na leƙa rijiyar Kusugu da ƙofar fada. Daga nan Mashi, sai Katsina. A cunkoson cikin gari na ji fankar ta kama, bayan minti guda ta saki, allura ba ta motsa ba.