Godiya bisa dawowar Inna daga ƙasa mai tsarki

Salamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi Inna ta sauka lafiya daga aikin Hajji, tana gida tana hutawa, sai dai ɗan tarin nan da kusan kowane alhaji ke dawowa da shi. Ita ta ce in rubuta in gode muku don wlh ba za ta iya bin gida-gida ba.

Baiwar Allah da iyakacin tafiyarta Kano, ita ma sai in biki ya kama, ga ta an ɗaga da ita daga filin jirgin Dutse har Saudiyya. Daga Kano zuwa Jidda in aka miƙe ta sama kusan kilomita 3,400 ne, da can awa huɗu zuwa biyar an sauka, to amma tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu sai jirage suka koma yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, ga Saudiyya sun riga mu da awa 2, duk lissafin da muka yi a gida ya rikice. Muna zaune a zaure waya a kashe, Baba ya ƙi shiga ciki, carbi kawai yake ja yana tambaya wai har yanzu suna sama?

Shi ya sa godiya ta farko ta yaron nan ce ɗan ƙaramar hukumarmu da kujerarsa ke kusa da tata. Shi ya ɗaura mata bel, shi ya ce ta riƙa haɗiyar yawu da kunnenta ya toshe, ya raka ta har ƙofar banɗaki, suna sauka kuma ya ara mata waya ta kira mu. Ɗan albarka, Allah ya yi maka abin da ka yi wa uwar wani.

Kawu da ya sayar da bijiminsa ya cika kuɗin kujera, ba mu da bakin gode maka. Matan adashe, malamin bita, direban da ya kai mu sansanin alhazai ya ƙi karɓar ko sisi, da maƙwabtan da suka yi mana noman farko a gonar gero muna can muna zirga-zirga, Allah ya saka da alheri ya kira ku baɗi.

Liman da ya zo sannu da zuwa ma sai da ya tuna mana kakanninmu a ƙafa da jaki suke bi ta Barno da Cadi da Sudan su hau jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya, wasu sai sun shekara da shekaru, wasu can suka zauna. Inna ta ce ita dai zaman kujerar nan ma ya ishe ta, ƙafafunta har kumbura suka yi.

Masu tambayar zamzam a yi haƙuri, lita 5 ake ba kowane alhaji, kurɓi-kurɓi za a yi. Dabino da bagaruwa kam akwai, a turo yara bayan la'asar.