Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Gidan Farko Da Katakon Ƙofa

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya inda gini ya kai linta aka ɗora kwano, ya rage ƙofofi da gyaran ciki. Nan ne gonata, don aikin kafinta shi ne abincina. Saboda haka yau zan jingine labarin kaina, in shimfiɗa abin da ya kamata mai haɗa gidansa na farko ya sani tun kafin ya taka kasuwar 'yan katako.

Yawancin ɓarnar da ake gani a ƙofofi daga lokaci take farowa. An sa rana, saura wata guda biki, sannan ango zai tuna da ƙofa. Ya nufi 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ya sayi katakon da aka sauke daga tirela shekaranjiya, a haɗa masa cikin mako guda, a shafa banish yana sheƙi. Wannan katakon daga dazukan Ondo ko Edo ko Kuros Riba ya fito, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, kuma da ruwansa ya iso. Da hunturu ya kama sai ya fara ramawa. Itace ba ya raguwa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa, kuma ɗanyen allo mai faɗin inci 12 yana iya rasa kusan rabin inci kafin ya gama bushewa a arewa. Shi ya sa za ka ga ƙofar da aka kafa a watan Oktoba, zuwa Janairu haske na ratsa tsakiyarta, kuba ba ta kamawa, kusurwar sama ta karkace ta bar firam.

Maganin ba shi da tsada, haƙuri kawai yake so. Ka sayi katakon ƙofa tun ana ɗora bulo. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya a kan bulo, tsakanin kowane allo da na samansa a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya, tazarar ƙafa biyu-biyu, kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta. A ɗora nauyi a sama. A shafa wa bakin allunan ragowar fenti, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa take farawa. Kada a jingina shi da bango a rana da nufin ya yi saurin bushewa: fuskar da rana ke duka za ta riga ɗayar, allon ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. A rani, allon inci ɗaya yana son makonni shida zuwa takwas, mai inci biyu kuwa ba na yarda in taɓa shi ƙasa da wata uku. In kafintanka yana da 'yar na'urar nan mai allura biyu ta auna laima, kada a yanka sai ta nuna 12 cikin ɗari ko ƙasa. In babu, ka ware guntu ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk Juma'a. Ranar da nauyinsa ya daina sauka makonni biyu a jere, ya yi.

Sai zaɓen iri. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, shi nake sa wa a gaba don ƙofar falo. Sabon yanka rawaya-rawaya ne, yana shan iska yana komawa ruwan ƙasa mai duhu. Gara ba ta cika kusantar zuciyarsa ba, kuma in ya bushe ba ya yawan motsi tsakanin damina da rani. Aibinsa biyu: wani lokaci akwai ɗan dutse-dutse fari a cikinsa mai dakushe zarto, sannan yana da maiƙo, don haka sai an goge shi da tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti, kafin a sa gam ko banish, in ba haka ba su ƙi kamawa.

Kawo, wato apa a bakin Yarbawa, ya fi loko nauyi da tauri. Ni a firam na fi son sa. Ƙusa ba ta shigarsa sai an fara hudawa, wanda ya matsa masa da guduma zai tsaga shi. Mahogani kuma iri-iri ne. Na kudu ya fi laushin aiki, ja ne mai kyau, yana karɓar banish. Namu na arewa shi ne maɗaci, ya fi nauyi, amma zarensa a sarƙe yake, in ba wuƙar injin gogewa na da kaifi sosai ba sai ta riƙa fizgo shi ta bar gurɓi-gurɓi. Mansoniya ruwan toka-toka ce mai duhu, ta yi kyau a ƙofar ɗaki, sai dai ƙurarta tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, har haɓo, don haka mai goge ta ya rufe hanci. Akwai tik da ake samu daga gandun gwamnati irin na Nimbia a kudancin Kaduna. In ka dace da tsoho ka more, amma wanda aka sare da ƙuruciya rabinsa farin gefe ne.

Wannan farin gefen shi ne abin da mai saye ya fi rashin lura da shi. Kowane itace yana da zuciya mai duhu a tsakiya, da fari-fari a kusa da ɓawo. Duk yabon da ake yi wa loko da kawo da tik, zuciyarsu ake nufi. Farin gefensu abincin ƙwari ne kamar kowane banzan katako. In ka ga allo da farin layi a gefe ɗaya, ko dai a rage maka kuɗi a yanke wurin a zubar, ko ka bar shi. Haka in ka ga ƙananan huji kamar na allura da gari-gari yana zubowa, ƙwaro ya riga ka.

Malaina ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba na raina ta. Ba ta da nauyi, tana karɓar fenti, in ta bushe tana zama lafiya. Matsalarta jinkirin bushewa: waje ya bushe ƙamas, ciki da ruwa, don haka a ninka mata lokaci. Ta ƙofar cikin gida ce, ba ta waje ba. Obeche da afara kuwa a bar su a aikin silin da katakon zuba kankare da cikin ƙofar fulosh, wato wadda ake rufe fuskokinta biyu da filawud. Wasu kan shafa musu kala su fito ja kamar mahogani. Ka sa a kankare ɗan wuri da wuƙa ka ga launin ciki, ka danna farce. In ya lotsa, ba shi ba ne. Ka kuma ɗaga: loko ya kusa ninka obeche nauyi.

Za a iya yi maka tayin madobiya, wadda a Taraba ake ce wa Madrid. Itace ne mai kyau ƙwarai, amma saran da aka yi masa ana lodawa zuwa Sin ya kusa ƙarar da shi a dazukanmu, har daga 2017 ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ni ba na ba kowa shawarar ya neme shi. Ganyensa abincin dabbobi ne a ƙarshen rani, makiyaya sun fi mu sanin abin da aka rasa.

Ga lissafi. Ƙofar ɗaki ƙafa 3 ce a faɗi, 7 a tsawo, ta banɗaki ƙafa biyu da rabi. Katako a kasuwa tsawon ƙafa 12 yake zuwa. Firam ɗaya yana cin 2x6, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6, guda biyu: kowanne a fitar da ƙafa 7 na tsaye, ragowar ɗaya ya zama na sama. Ƙyauren fanel ɗaya yana cin 2x6 guda uku da allon 1x12 ɗaya. Ka je da tef ɗinka, domin abin da ake kira inci biyu sau da yawa bai cika ba, in aka goge shi kuma ya ƙara sauka. Ƙyauren waje bai kamata ya gaza inci ɗaya da kwata uku a kauri ba, in ba haka ba ramin kuba zai cinye shi ya bar fatar da ƙafa ɗaya za ta ɓalla.

Wajen haɗawa, ka tsaya a kan a yi maka haɗin rami da harshe, a fere kan na kwance ya shige cikin na tsaye, da gam, a danne da kilam har ya kwana. Ƙofar da aka haɗa da ƙusa kaɗai, nauyinta ne zai ja ta ƙasa. Allunan fanel kuma su zauna a cikin tsagi mai zurfin rabin inci, ba gam ba ƙusa, a bar musu ɗan sarari. Allon yana buƙatar wurin kumbura da damina da wurin tsukewa da hunturu. In aka ɗaure shi ta kowane gefe, zai nema wa kansa hanya ta tsagewa a tsakiya.

Firam kafin filasta ake kafa shi. A shafa wa bayansa da ƙafafunsa Solignum, maganin gara, sau biyu, a bar shi ya sha. Baƙin mai da wasu ke sawa yana ɗan taimakawa, amma a bayan firam kaɗai, domin in ya taɓa fuska zai riƙa ɓullowa ta cikin fenti har abada. Kada a binne ƙafar firam a cikin yashin daɓe, nan ce hanyar gara. Ta zauna a kan kankare. A sa ƙarafan kamu uku kowane gefe su shiga bulo, a gwada da ma'aunin ruwa, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu su zo daidai, a kafa sanda a ƙasa tsakanin ƙafafun don kada siminti ya matso su. Kuma a tuna tayil da simintinsa za su ɗaga ƙasa kusan inci biyu. Wanda ya manta da wannan, daga baya zai sa a datse gindin ƙyaurensa.

Ƙyaure shi ne kusan na ƙarshe, bayan filasta ta bushe an sa tayil. Hinjis uku masu inci 4: na sama inci 6 daga kai, na ƙasa inci 9 daga gindi, ɗaya a tsakani, kuma da sukuru, ba ƙusa ba. Kuba a tsayin mita ɗaya. A bar milimita 3 a gefe da sama, 10 a ƙasa. In da hunturu ake ratayawa a ɗan ƙara sarari, don Agusta na zuwa za ta kumbura. In da damina ne a matse. A goge da samfefa lamba 80, sai 120, sai 220, a shafa sila, wato shafin da ke toshe ƙofofin itace, sau biyu, banish siriri sau uku, ana yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura. Kuma fuskoki shida ƙofa take da su. Kan sama da gindin ƙasa da ba a gani, ta nan ruwan mofa da laima ke shiga, su ne kuma masu fenti suka fi tsallakewa. Ƙofar da ke kallon yamma ba rumfa, rana za ta ƙone banish ɗinta cikin shekara ɗaya ko biyu. A yi mata fenti mai mai, ko a sa ta ƙarfe. Banɗaki kuma alminiyam ya fi kwanciyar hankali.

In kuɗi sun yi kaɗan, ga inda zan ce ka zuba su: firam. Duk gidan a yi firam da loko ko kawo, ƙyaure mai kyau a falo da ɗakin kwana, sauran a rataya fulosh. Ƙyaure ana sauya shi cikin awa ɗaya duk ranar da Allah ya hore. Firam kuwa sai an fasa filasta da tayil.

Sauran gyaran ba shi da wuya in an bi shi a jere: waya da famfo, firam, filasta, silin, tayil, shafin farko na fenti, ƙofofi, shafin ƙarshe, labule. Sabuwar filasta ta samu makonni uku zuwa huɗu kafin fenti, in ba haka ba zai yi bororo ya fitar da farin gishiri. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin kusan lita 10 na fenti a shafi biyu, wato rabin bokitin lita 20, sabon bango kuma ya fi haka sha. Tayil mai santimita 60 da 60, huɗu ne a kwali, ɗakin zai ci kwali 10, ka sayi 12 saboda yanka da zagayen gindin bango, ka ajiye ragowar, don launin da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi. Labule ya ninka faɗin taga sau biyu. Farin fenti tas a garinmu mai ƙura wahala ne, ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi rufa asiri.

Abu ɗaya da ango ba ya tunawa sai ranar jere: kayan ɗaki ba shi ne zai saya ba, amma ta ƙofarsa za su shiga. Ramin ƙafa 3, in aka cire kaurin firam da na ƙyaure, abin da ya rage bai wuce inci 32 ba, kujera mai zaman mutum uku kuwa ta kan kai haka ko ta fi. Sai ka ga gwaggonnin amarya tsaye a tsakar gida da kaya, ana neman kafinta ya kwance ƙofa, sabon fenti ya karce. Tun wajen gini ka ce wa magini ya bar ƙafa 4 a ƙofar falo, a yi mata ƙyaure ɗaya da rabi. Ka auna ɗakin kwana ka rubuta a takarda, da inda taga take da inda ƙofa ke buɗewa, ka ba wata yayarka ko gwaggonka ta kai gidan surukai kafin su ba da aikin gado da wadirof. Gado 6 da 6 da wadirof mai zurfin ƙafa 2 a ɗaki 12 da 12, abin da zai rage na wucewa kaɗan ne. Ƙyauren ya buɗe ya jingina da bango, makunnin wuta ya kasance ta gefen kuba, kuma a juya hinjis ta yadda in an buɗe ƙofa wanda ke falo ba zai hango gado ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar tarewa.