Garin CMC a yogot da askirim: wanda za a saya da yadda ake zuba shi

Masu yin yogot da askirim na leda a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun san farin garin nan mai sa kauri da ake kira CMC. Asalinsa selulos ne, wato zaren da ke jikin kowane tsiro, ana tace shi daga itace ko auduga a sarrafa shi har ya zama mai narkewa a ruwa. Lambarsa a jikin kwali E466. Ɗan'uwansa E460 ba ya narkewa, shi ake barbaɗawa a gurzajjen cuku don kada ya dunƙule. Duka biyun daga tsiro suke, don haka babu shakkar halacci irin wadda ake yi wa jelatin da ake samu daga fata da ƙashin dabba.

Cikin ɗan Adam ba ya narka selulos, wucewa yake yi kamar dusa. Kwamitin ƙwararru na WHO da FAO, hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, bai ga buƙatar ƙayyade wa CMC adadin ci a rana ba, hukumar abinci ta Turai ma da ta sake dubawa a 2018 haka ta tsaya. Sai dai akwai wani ƙaramin bincike a Amurka da aka yi da mutum 16, aka ba wasu gram 15 na CMC kullum har kwana 11, aka ga ƙwayoyin bakteriyar da ke hanjinsu sun canja, wasu sun yi ciwon ciki bayan cin abinci. Gram 15 ya ninka abin da ke cikin leda ɗaya sau da yawa, amma ya isa dalilin da zai hana mutum sakin hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin saye. CMC iri biyu ne a kasuwa. Na abinci tsabtarsa kashi 99.5 cikin 100 ce. Na masana'antu, wanda masu sabulun ruwa da fenti ke amfani da shi, yana ɗauke da gishiri da ragowar sinadaran da ba a wanke ba, ga shi ya fi araha. A ido ba ka bambanta su. Idan aka ɗaure miki shi a farar leda babu rubutu, Hajiya, ki bar shi. A nemi ganin buhun asali, da shaidar cewa na abinci ne, da ranar lalacewa. Mai son rajistar kayansa da FDA, hukumar abinci da magunguna ta Gana, kuwa dole ya rubuta shi cikin jerin kayan haɗi.

Ga lita 10 ta yogot na sha, gram 30 zuwa 40 ya isa. Askirim gram 15 zuwa 30. A auna da sikeli, cokali yana yaudara. Kada a juye shi kai tsaye cikin ruwa, domin bayansa zai jiƙe ya rufe cikin, ya zama gudaji masu santsi da ba sa fashewa. A fara cakuɗa shi da busasshen sikari ninki biyar, a riƙa barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da ƙarfi, a bar shi rabin awa ya sha ruwa sosai, sannan a haɗa da nonon da ya riga ya yi tsami. Idan ya yi kaɗan, yogot zai tsinke ruwa ya taso sama, wani lokaci ma fiye da wanda ba a sa komai ba. Idan ya yi yawa sai ya yi yauƙi ya danne ɗanɗano.

Sobolo, wato zoɓo, dai ba wurinsa ba ne, tsaminsa ya yi ƙarfi har CMC ya rasa kaurinsa. Ragowar garin a rufe shi ruf a mazubi, don damshin Kumasi yana dunƙule shi da wuri.