Talata a Suame: dokin ƙofar tasi da tsatsa ta cinye

Yau mota ɗaya ce ta cinye mana yini a gareji, nan Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ƙasar Gana. Tsohuwar tasi ce daga Aboabo, dokin ƙofarta na hagu ya ruɓe, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Mai ita ya ce, "Masta, a ɗan shafa mata fila a fesa fenti kawai." Fila ita ce ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Na ɗora maganaɗisu a wurin, ya ƙi kamawa. Da yaro ya kankare, sai ga fila mai kaurin yatsa, a bayanta ragar waya da wani ya cusa a rami. Na ce, "Alhaji, wannan sai yanka."

Dokin ƙofa akwati ne rufaffe. Ƙarfen waje siriri ne, bai cika wuce milimita 1 ba, amma na ciki da na tsakiya sun fi shi kauri, su ke riƙe da cikin mota. Nan ake sa jak, nan kuma ginshiƙin tsakanin ƙofofi yake zaune, wanda bel ɗin kujera ke ɗaure da shi. Idan ya ruɓe aka bugi motar daga gefe, fasinja ne zai ji a jikinsa. Tsatsar kuwa daga ciki take farawa: jar laka ta toshe ramukan zubar ruwa na ƙasa, ruwan damina ya kwanta ya ci ƙarfe. Motocin da ake shigowa da su daga Turai da Kanada sukan zo da nasu ciwon, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara.

Kafin a taɓa giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, mun cire kan batir, mun ɗaga kafet da kujera, mun janye wayoyin da ke bin gefen, mun duba inda bututun mai da na birki suka bi. Motar ta hau tsayayyun ƙafafu, ba a kan dokin ba. Sannan muka ɗinke bakin kowace ƙofa da ƙarfe mai kusurwa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Wanda ya tsallake wannan, yana yanke ƙarfen ciki mota za ta lotsa, ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Mun huda ɗigon waldar asali ta kamfani da bakin injin huda mai milimita 8, muka yanke ruɓaɓɓen wuri har muka wuce shi da kamar santimita 3, inda ƙarfe ke ƙyalli. Ba a walda a kan tsatsa, hujewa take yi. Kwali muka yanka ya zama ma'auni, da shi aka fitar da faranti mai milimita 1.5 na ciki, da mai 1 na waje, aka lanƙwasa. Na cikin ne ya fi jan lokaci, musamman wurin jak, wanda na ninka masa ƙarfe.

Walda a nan sai haƙuri. Ta kabaid tana zafafa wuri mai faɗi, faranti ya kumbure, ta sanda kuma tana huda siririn ƙarfe. Injin MIG, wato injin walda mai turo siririyar waya tare da iskar gas, muka yi amfani da shi, da waya mai milimita 0.8: ɗigo nan, a tsallake tazarar tafin hannu, ɗigo can, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. Yaro yana tsaye a ciki da bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma, don kwaltar da ke ƙarƙashin kafet tana kama wuta ba ka sani ba. Muna yi muna rufe ƙofa muna duba tazararta.

Kafin a rufe akwatin mun shafa wa cikinsa firema mai zinki, wato fentin fari mai hana tsatsa, muka sake huda ramukan ruwa a ƙasa. La'asar ta same mu muna goge walda. Gobe sai abin toshe gaɓa, fila da ba za ta wuce milimita 3 ba, firema da fenti. Bayan fenti ya bushe za a fesa kakin hana tsatsa ta cikin ramukan. Wasu baƙin mai suke zubawa, amma yana tsiyayewa, ga shi yana lalata roba. Gefen dama ma na ƙwanƙwasa shi da guduma, sautin bai yi mini ba wajen tayar baya, na gaya wa Alhaji ya shirya masa.