Na je Legas saboda tsuntsaye

Shekaranjiya na dawo Nguru, amma har yanzu ƙarar danfo, motocin hayar Legas, ba ta bar kunnena ba. 'Yan ƙungiyarmu masu kula da tsuntsayen fadama ne suka tura ni wani zama da aka kira a Legas kan dokar kare namun daji. Hanyar zuwa ba abin ba da labari, zama ne da ciwon baya.

A Agege na sauka, gidan wani Alhaji mai fataucin goro, aminin mahaifina. Da na ambaci otal sai ya ɓata rai. "Ɗana, ina garin nan za ka kwana a otal? Me zan ce wa babanka?" Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka kamar ban bar gida ba. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya yi dariya har da tafa hannu, wai tun daga Yobe saboda tsuntsu. Can kuma ya tsagaita, ya tambaye ni yaushe rabona da ganin ungulu a mahauta, ko gauraka a bakin ruwa. Na ce, Baba, ai tambayar ke nan da ta sa na hau mota.

Kashegari na nufi Lekki. Kwandasta ya karɓi kuɗina ya riƙe canji, da na yi magana ya zazzaga min Yarbanci, fasinjoji ko a jikinsu. A wajenmu da tuni wani dattijo ya tsawatar. Amma gandun Lekki ya wanke min takaici. Hekta 78 ce ta kurmi da fadama, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta killace tun 1990, yau ga manyan gidaje sun yi mata ƙawanya ta kowane ɓangare. Kuɗin shiga daban, na hawa gadar sama daban, kuma mutane na layi suna biya! Gadar mita 401 ce, tana lilo tsakanin bishiyoyi, na hau ina salati. Birai kuwa ba su san kunya ba, a gabana wani ya fizge ledar biskit a hannun wata mata. Ina tafe ina tuna gandun tsuntsayen Dagona da ke wajenmu a Yobe, inda tsuntsayen Turai ke sauka dubbai da sanyi, amma sai ka wuni ba ka ga baƙo ba.

A ƙofar ginin da ake zaman, mai gadi ya dubi hulata ya ce masu kawo kaya ta baya suke shiga. Sai da na zaro takardar gayyata, ko haƙuri bai ba ni ba.

Maganar farko a ciki ita ce kudurin da ɗan majalisa Terseer Ugbor ya gabatar, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a Mayun 2025, ta Dattawa ta bi a Oktoba. Zai maye gurbin dokar kare namun daji ta 1985, ya tsananta hukunci, ya ba masu bincike damar bin sawun kuɗin 'yan fasa-ƙwauri, kotu kuma ta ƙwace dukiyarsu. Ba wanda ya yi musu, don a Janairun 2021 kwastam sun kama tan 8.8 na ɓawon ɗankunya, dabbar nan mai naɗe jikinta, a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Oktoban 2023 kuma aka ƙone kusan tan 4 a Abuja. Bayan wannan aka yi batun kasafin masu gadin daji, da gyaran dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, saboda yadda ake cike fadamun Legas da yashi ana gini.

Duk na yarda, sai dai jerin nasu na mutanen bakin teku ne. Na ɗaga hannu na ce a wajenmu ba sai an harbi tsuntsu yake ƙarewa ba, rashin ruwa ya ishe shi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke raya fadamar Hadeja da Nguru ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomin shinkafa da kirinjijiya duk asara ɗaya suke yi. Tun 2000 tafkin Nguru ke cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, amma suna ba ya buɗe dam. Abin da muke so a kai majalisa shi ne doka da za ta ƙayyade ruwan da za a riƙa saki da lokacin sakinsa. Shugabar zaman ta ce, "Malam, mun ji," ta rubuta shi a can ƙasan takarda. Wani matashi lauya ne ya biyo ni waje ya karɓi lambata.

Na leƙa Epe, na ga naman daji a shanye a bakin kasuwa da rana tsaka, ba mai ɓoyewa. Kifinsu da tsada, kuma bai kai namu daɗi ba. Ɗan Alhaji ya raka ni na sayi madubin hangen nesa na hannu, ya yi ciniki da Yarbanci har aka rage kusan rabi. Alhaji ya biya min kuɗin mota duk da rantsuwar da na yi, ya haɗa ni da goron da zan kai wa Baba. Mun kwana a hanya wajen Mokwa saboda wata tirela da ta faɗi.