Ranar da ka biya, ranar ejan zai daina ɗaga waya

Ɗan yayata zai yi aure bayan Babbar Sallah. Jiya da yamma ya nuna mini bidiyon gidan da ya samu a wata sabuwar unguwa a bayan Kano: ɗaki biyu da falo, tayil har kicin, silin mai ƙwan lantarki kala-kala. Ejan ya ce masa wani zai zo ya biya gobe, gara ya hanzarta. Na tambaye shi sunan mai gidan, bai sani ba. Na ce mita ce ko bil ake kawowa? Ya ce, "Kawu, ai akwai wuta." Yatsansa na kan waya, saura ƙiris ya tura kuɗin shekara biyu.

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na tuna ni ma haka na yi, kuma ba sau ɗaya ba.

Kuskurena na farko shi ne ban gane inda ejan yake cin abincinsa ba. La'adarsa galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin haya. Gidan naira 600,000, nasa 60,000, ban da kuɗin duba gida da abin da suke kira kuɗin yarjejeniya. Duk a ranar biya yake karɓe su. Daga ranar ba zai ƙara cin sisinka ba, sai dai idan ka gaji ka tashi wani ya shigo ya biya sabuwar la'ada. To me zai sa ya ɗaga wayarka don bandaki ya toshe? Kuma ejan iri biyu ne, ni kuwa na haɗa su wuri ɗaya. Akwai dillalin da aikinsa kawai ya haɗa ka da gida, wani lokaci ma su uku ne a jere suke raba la'ada, na ƙarshen bai taɓa ganin mai gida ba. Akwai kuma wakilin da mai gida ya damƙa wa kula da gidan, shi ke karɓar haya duk shekara. Wata da watanni na yi ina ƙone katin waya a kan mutumin da ba shi da ikon taɓa kwabon mai gida.

Ba wai wauta ce zalla ba. Wa'adin tashi daga tsohon gida ya cika, ga iyali, ga kaya, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutumin kuma dattijo ne, sahu ɗaya muke sallah, na ga in ce masa ya rubuta mini kamar na kira shi maƙaryaci ne. Amma wannan ma uzuri ne na banza. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma na san haka tun ina makarantar allo. Kunya ce ta hana ni, ita kuma kunya ba ta tare yoyo.

Na biyu, na duba gida da rani, na kuma karɓi "za a gyara kafin ka tare" da baki. Rufin da zai zubar da ruwa a Agusta lafiya lau yake a Fabrairu, amma yana barin shaida ga mai ido. Tabo mai ruwan ƙasa a silin, ko sabon fenti a kusurwa guda ɗaya tak. Silin da ya yi ciki. Fenti da yake kumbura yana zubar da farin gari daga ƙasan bango zuwa gwiwa, wanda ke nuna danshi ne yake tasowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa. Yawancin yoyo daga bakin ƙusa yake, inda robar ta bushe da rana ta tsage, ko inda kwano biyu ba su hau juna sosai ba. Mafi sharri shi ne gidan yayi da aka ɓoye kwanonsa a bayan bango: ruwa na taruwa a magudanar siminti, leda da ganye su toshe indararo, ruwan ya koma ciki ya bi bango. Tsani na minti biyar da ya nuna mini duk wannan. Ban hau ba. Bokiti biyu da zan zuba a masai in ga ko ruwan na wucewa da sauri ko yana tsayawa yana gurnani, shi ma ban zuba ba, ashe sokawen ya kusa cika, kuma da damina ta zo ƙasa ta ƙoshi, ni na nemo 'yan gidan-kowa-da-akwai na biya su don abin da wasu suka tara.

Na uku wuta. Bashin wuta a kan lambar gida yake zaune, mai shi ya tashi ya bar shi. In mita mai kati ce, duk sanda ka sayi kati ana iya yankar wani kaso a biya tsohon bashi, ka ga wutar da aka ba ka ba ta kai kuɗinka ba. In bil ake kawowa, wata rana sai dai ka ga tsani a jikin fol. Maganin ba shi da tsada: ka karɓi lambar mita, ka sayi kati kafin ka biya haya, rasit zai nuna ko ana cire bashi. Haka rijiyar burtsatse. Sumo, injin da ke jawo ruwanta, na ƙonewa ne idan ruwa ya ja baya a Maris da Afrilu ya yi ta juyi a bushe, ko wuta ta zo da rauni. Wa zai sayi sabo, mai gida ko 'yan haya su yi karo-karo? Takardata ba ta ce komai ba, don takardar rasit ce kawai mai layi uku.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai. Da na gaji da kira, na kawo kafinta na gyara rufi da kuɗina, bisa "yi kawai, a cire a haya" da aka faɗa mini a waya. Da shekara ta zagayo na cire, sai aka ce ba a san zancen ba, kuma ni ne mai bashin haya. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya. Amma gaskiyar da ba ta da takarda, a gaban alƙali labari ce. Mai gida ma, da na same shi daga baya, bai taɓa jin rufinsa na yoyo ba. Ko kuma haka ya ce.

Na zauna da niyyar in jero wa samari shawara goma sha. Da na tace su, abin da ya rage bai kai haka ba, kuma ban ga alamar za ku karanta mai tsawo ba.

Kada ka biya sai ka san mai gida. Sunansa, lambarsa, kuma ka ji daga bakinsa cewa wannan ejan wakilinsa ne, da iyakar abin da ya wakilta shi a kai. In ejan ya ce mai gida ba ya son a dame shi, tambayi maƙwabta ko mai unguwa, ba gidan da ba a san mai shi ba. Kuɗin haya su shiga asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, ba asusun mai POS na bakin titi ba, a kuma ba ka rasit daban na haya, daban na la'ada, daban na kuɗin ajiya.

Gyara kafin kuɗi. Duk ƙarfinka yana cikin aljihunka ne, kana turawa ya ƙare. Abin da ba a gyara ba a rubuta shi cikin yarjejeniya da ranar gamawa: rufi, sokawe, sumo, manyan wayoyin wuta na mai gida; ƙwai, kan famfo, makulli naka. Ka ɗauki hoton kowane bango da fuskar mita ranar da aka ba ka makulli. Ku da kuke ɗaukar hoton shinkafa kafin ku ci, wannan ne ya gagare ku?

In an riga an shiga kuma ejan ya yi shiru, daina kira. Kira ba ya barin sawu. Tura saƙon WhatsApp a rubuce da hoto, ba muryar minti huɗu ta zage-zage ba. Bayan kwana 7 ka rubuta wasiƙa kwafi biyu: abin da ya lalace, ranar da ya fara, ƙiyasin mai gyara, da wa'adin kwana 14. Ya sa hannu a kwafinka, ko yaron ofishinsa ya sa, ɗaya kuma ta je wa mai gida. Daga nan sai mai unguwa ko ofishin Hisba don sulhu, sannan wasiƙar lauya, wadda sau da yawa ita kaɗai take farkar da waya. In ejan ɗin ƙwararre ne mai rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu kimanta gidaje da filaye rajista, ana iya kai ƙorafinsa can, sai dai yawancin na bakin layi rajistarsu benci ne da babur.

Kada ka riƙe kuɗin haya don haushi. Ka mayar da kanka mai laifi ke nan. Kada kuma barazanar "ka tashi ƙarshen wata" ta firgita ka: in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, ɗan hayar shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, na wata-wata kuma wata 1, sannan wani na kwana 7, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire ƙofa ko kwance kwano ba ya cikin doka. Amma ka karanta takardar da kyau, don a nan ake cusa wa'adin wata ɗaya, ku kuma ku sa hannu kuna kallon tayil.

Kada ka yi gyara da kuɗinka sai da amincewa a rubuce. Haka ne. Amma in ruwa na ɗiga kan wayar wuta a tsakiyar Agusta, ga amarya a ɗaki, kira kafinta yau, ka ajiye rasit, ka kuma sa a ranka wataƙila kuɗin sun tafi. Haka zancen shekara biyu: ban yarda da shi ba, amma na san akwai gidajen da in ba haka ba ba za a ba ka ba. To ka nemi a bar wani kaso a hannunka har a gama gyara. In sun ƙi, ka san da wa kake.

Yaron ya saurare ni har na gama, ya ce, "To Kawu, in sha Allahu." Na ce Asabar da safe ya zo mu je tare, ya aro tsani, ni zan taho da bokiti. Ya ce ejan ya ce makulli na hannun wani ya yi tafiya, amma bidiyon ai ya nuna komai.