Sai a rana ta 11 na ɗauki 'yata

A sati na 29 da samun cikinta na haife ta, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai. Ko fuskarta ban gani da kyau ba aka wuce da ita aka sa a kwalba. Na sha jin mata suna cewa da zarar an ɗora musu jariri a ƙirji sai ƙauna ta lulluɓe su. Ni tsoro ne ya lulluɓe ni. Nakan tsaya a jikin gilashin ina kallon wayoyin da aka manna mata da siririyar robar da ake ba ta nonona ta hanci, sai in ji kamar ɗiyar wata na zo dubawa. Gaskiyar magana, riƙe zuciyata na yi, don ina gudun in saba da ita ta tafi.

A rana ta 11 wata nas ta ce in buɗe gaban rigata. Ta ɗauko ta, daga ita sai famfas da 'yar hula, ta kwantar mini da ita tsakanin nonuwana ta rufe mu da mayafi. Ta ɗan mutsu-mutsu, ta lafa kunnenta daidai inda zuciyata ke bugawa, sai na ga lambobin na'urar sun daina tsalle. A nan na fara kuka tun da na haihu.

Renon kangaru ake ce masa. Wani likita, Edgar Rey, ya faro shi a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben asibitinsu ba sa isar jarirai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa fara shi da zarar an haihu, in dai jaririn ba ya cikin mawuyacin hali, awa 8 zuwa 24 a rana. Ina ma kowace uwar bakwaini ta san wannan tun daren farko, ta nema da bakinta.

Duk da haka shaƙuwar ba ta zo a rana ɗaya ba. In na shafa ta sai ta kau da kai, ta baje yatsu, ta yi ta shaƙuwa da hamma, ni kuwa in ɗauka ƙina take yi. Ashe gajiya ce. Jikin bakwaini bai cika son shafa ba, ya fi son ki ɗora tafin hannu ki bar shi a wuri ɗaya. Likita kuma ya koya mini lissafi: in zan ƙirga kwanakinta a duniya, in cire sati 11 da ta riga lokacinta, har ta kai shekara biyu. Da wannan lissafin, murmushinta na farko da na ɗauka ya makara ashe a kan kari ya zo.

Yanzu tana tafiya, tana hawa duk abin da ta gani. Ni ce dai har yau nake tashi cikin dare in ɗora hannu a bayanta in ji numfashinta, kuma da rana ina ta fama da kaina in bar ta ta faɗi ta tashi ba tare da na riga ta kai hannu ba.